Ni da lilon Sallah

Kun dai san ƴaƴan Yaya, in suka kafe sai an yi. Washegarin Sallah suka tasa ni gaba daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi zuwa filin nan da aka kakkafa lilo, ina cikin shaddata sabuwa kar, hula ta zauna daram.

Tun a hanya nake cika masu baki da abin da na kalla a waya, wato Prater, wurin wasan nan na Biyana a ƙasar Ostiriya. Na ce da can dajin farautar sarakuna ne, sai a 1766 Sarki Joseph na biyu ya buɗe wa talakawa. Lilonsu mai juyawa kamar ƙafar keke tun 1897 yake tsaye, tsawonsa ya kusa mita 65, kuma ɗakuna ne rataye a jikinsa, ba kujeru ba. Ya ƙone lokacin yaƙin duniya na biyu, aka gyara, ɗaki 30 suka koma 15, har gobe yana juyi. Da muka iso na nuna namu da leɓe, na ce wannan ai ko dogon yaron ƙofar gidanmu ya fi shi tsawo.

Auta ta ce, "To Kawu ka hau mana."

Na biya dala arba'in-arba'in muka hau. Zagayen farko lafiya lau, har ina ɗaga wa mutane hannu. Muna kaiwa can ƙololuwa sai injin ya yi tari, ya yi shiru. Mai ya ƙare. Mai lilon ya ɗauki galan ya tari kabu-kabu ya yi gaba abinsa, ko waiwaye babu.

Jama'a, ashe daga ƙasa ne abin yake gajere. Kujerar nan ta shiga reto, wata waya da aka ɗaure ƙarfen gaba da ita tana ƙiiƙii, iska ta cika mini riga. Yara suna ta murna suna girgiza kujera da gangan. Na ce su bari, muryar da ta fito ba tawa ba ce. Na runtse ido na ƙanƙame ƙarfe, na fara Ayatul Kursiyyu, na tsinci kaina a tsakiyar addu'ar cin abinci. Nan hula ta tashi. Wai na ce "wayyo Inna". Ni dai ban ji ba, amma masu shaida sun yi yawa.

Sai Auta ta dafa gwiwata, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Kawu, a Ostiriya ma haka manya suke kuka?"

Wa ke tsaye a ƙasa da tsire a hannu ɗaya, waya a ɗayan? Taubashina. Kun san wanda nake nufi. Mutumin da ya karɓi jika biyar ɗina tun Sallar layya ta bara da sunan ciko, kullum wayarsa ba caji in na kira. Ranar nan kuwa caji fal. Yana ɗauka yana bayani, wai ga Sarkin Biyana ya hau karaga. Wannan fa shi ne wanda ya ƙi shiga kwale-kwale a tafkin Madarunfa, ya zauna gindin bishiya yana tsaron takalma, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kuma tsiren nan ma ina da tabbacin bashi ne.

Samari ne suka taru suka juya lilon da hannu har muka sauko. Kafin in isa gida Yaya ta riga ta gani a WhatsApp.

Hular dai an ce an ga wani yaro da ita wajen babbar kasuwa, ta sauko masa har kunne. Wanda ya san gidansu ya yi mini magana.