Kafin ka sake sayen wata kyamarar, zo mu yi magana

Jama'a masu ɗaukar hoto don nishaɗi, yau zan sosa mana inda yake ƙaiƙayi, kuma da kaina zan fara don kada a ce na zame. Lens huɗu ne a jakata, amma da na zauna na duba hotunan da na ɗauka bana, kusan duka da guda ɗaya na ɗauke su, wato 50mm f/1.8, kuma shi ne mafi arha a cikinsu. Sauran ukun suna kwance, sai dai jifa-jifa in fito da su in goge ƙura in duba ko hunhuna ta kama gilashin.

Abin da ya tayar min da maganar shi ne, duk sanda kamfani ya fitar da sabuwar kyamara sai hirarmu ta koma lissafi: megafiksel nawa, hoto nawa take ɗauka a daƙiƙa. Mutum zai kwana yana kallon bidiyon masu gwada kaya a YouTube, gari ya waye yana jin tasa ta zama tarkace, alhali jiya da yamma lafiya lau take aiki.

Mu ɗauki megafiksel ɗin. Fiksel shi ne ɗan ɗigon da ke haɗuwa ya zama hoto, miliyan ɗaya nasa kuma shi ne megafiksel. Allon 4K fiksel 3840 ne a faɗi, 2160 a tsaye, wato megafiksel 8.3 ke nan. In za ka wanke hoto a girman takardar A4 da inganci mai kyau, ɗigo 300 a kowane inci, abin da kake buƙata bai kai megafiksel 9 ba. Canon 5D Mark II da ta fito a 2008 tana da 21. To kai da hotonka ba ya wuce allon waya, me za ka yi da 45? Na yarda, mai ɗaukar tsuntsaye da ke yanko ɗan ƙaramin abu daga tsakiyar hoto yana da hujja. Mu sauran, abin da muke samu shi ne manyan fayiloli da ke cika katin memori suna sa kwamfuta nishi.

Inda kuɗi ke nuna kansa a hoto, a ganina, lens ne da haske. Lens ɗin da ake haɗo wa ƙananan kyamarori, 18-55mm, idan ka zuƙo shi ƙarshe ƙofarsa da haske ke shiga ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (iya ƙanƙantar lambar f, iya faɗin ƙofar). Ɗan 50mm ɗin nan kuwa yana buɗewa har f/1.8, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma. Ninki goma fa! Shi ya sa hoton cikin ɗaki da daddare yake fitowa fes, bayan mutum kuma ya narke ya bar fuska ita kaɗai. Babu sabuwar kyamarar da za ta ba ka wannan tazarar in ka bar tsohon lens ɗin a bakinta. Haka filasha: wanda ya koyi harba ta rufin ɗaki ko bango don hasken ya dawo da laushi, hotonsa zai canza fiye da na wanda ya sauya kyamara sau biyu. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da har yau ake koyar da hotunansa, akasarin aikinsa da kyamarar Leica da lens 50mm ya yi shi.

Wani abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: in ka sayi kyamara, bakin da ake ɗaura lens ka aura. Sony ta fito da A7, kyamara marar madubi a ciki mai cikakken sensa (wato babban farantin da ke kama hoton), a 2013, Canon da Nikon ba su kawo nasu ba sai 2018, kowa da sabon bakinsa, RF na Canon da Z na Nikon. Tsofaffin lens ɗinsu, EF na Canon da F na Nikon, suna hawa sababbin bakunan da adafta, amma lens ɗin RF ba zai hau tsohuwar kyamara mai madubi, wato DSLR, ba. Saboda haka wanda ke tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan duk shekara biyu, asara yake tafkawa wajen sayar da kaya da sake saye. Kafin ka zaɓa, duba irin lens ɗin da ke akwai wa wannan bakin, har da na Sigma da Tamron, masu ƙera lens wa kyamarorin wasu kamfanoni.

Sai kuma yayi. Kun ga yadda aka yi rububin Fujifilm X100V bayan ta yi tashe a TikTok, da X100VI ta fito a 2024 ma mutane suka yi ta jiran layi. Kyamara ce mai kyau, ban musa ba, amma lens ɗinta ba ya cirewa kuma ba ya zuƙowa. Na tabbata akwai waɗanda sai da ta zo hannu suka gane haka.

Kada a ce na hana saye. Sababbin kyamarori suna kama idon mutum ko na tsuntsu su bi shi, kuma mai ɗaukar yara masu guje-guje ko ƙwallo zai ga bambanci tun ranar farko. Ni dai ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce, ba na fitar da kuɗi sai na iya nuna hoton da ya kuɓuce min saboda gazawar kayan da ke hannuna. Kuma na hannu nake fara nema, in duba adadin sau nawa aka danna kyamarar, in haska lens da tocila. Katin memori ne kaɗai ba na yarda da na hannu ko mai arhar banza, don jabu ya taɓa cinye min hotunan yini guda.

Lens ukun nan dai na yanke shawarar sayar da biyu. Na ukun, mai dogon zango, na ba shi wata uku: in ban fita da shi ba, shi ma ya bi 'yan'uwansa.