Ƙungiya ta ce ta karɓi yara dubu, a tambaye ta nawa suka warke

Kowace ƙungiyar agaji da ke aikin tamowa tana da adadin da ta fi son faɗa, wato yara nawa ta yi wa rajista. Shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe, shi ake kai wa masu ba da kuɗi. A ganina babu adadin da ya kai shi rashin amfani. Rajista aikin yini ɗaya ne, warkar da yaro kuwa makonni shida zuwa takwas ne na zuwa awo, kuma a cikin makonnin nan aikin yake lalacewa.

Gano yaron ba shi da wahala. Ana amfani da siririn ma'aunin damtse mai launi uku, ga yara 'yan wata 6 zuwa 59. A nemi tsakiyar damtse tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun, a zagaya ma'aunin ba tare da an matse ko an bar shi sako-sako ba. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga nan kore. Sai a danna bayan ƙafafu biyu da manyan yatsu na daƙiƙa 3. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da ma'aunin ya nuna kore. Nan ake yawan yin kuskure, don yaron da ya kumbura ana ɗauka ƙiba ya yi. Uwa ma tana iya wannan awon idan an koya mata, kamar yadda ƙungiyar ALIMA ta nuna a Nijar, kuma ita ce ke ganin yaron kullum.

Bayan awo sai gwajin ci. A ba yaron abincin maganin nan da ake kira RUTF, a zauna a ga ko zai ci. Wanda ya ci, kuma babu zazzaɓi mai zafi, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko numfashi sama-sama, a gida zai yi jinya, a haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoxicillin. Wanda ya ƙi ci, asibiti za a kwantar da shi, a fara masa da madarar magani da ake kira F-75 kaɗan-kaɗan. Jikin da ya daɗe a yunwa ba ya ɗaukar abinci da yawa farat ɗaya, ƙarin ruwa ta jijiya ba bisa ƙa'ida ba ma yana iya tsayar masa da zuciya. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a ba shi RUTF.

Wannan tsari na jinya a gida shi ya canza komai. A 2005 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta kula da yara sama da 60,000 a Nijar, akasarinsu ba tare da an kwantar da su ba, sannan a 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da WHO da UNICEF, suka amince da tsarin. Sai dai ya ɗora nauyin a kan uwa da kuma gidan da babu ma'aikacin da ke gani.

Ƙunshi ɗaya na RUTF giram 92 ne, da kalori 500, an haɗa shi da gyaɗa, garin madara, mai, sukari da sinadaran gina jiki. Yaro mai kilo 7 yana buƙatar ƙunshi 2 zuwa 3 a rana. Ba a dama shi da ruwa, don ruwa ke ba ƙwayoyin cuta wurin zama, amma a ba yaron tsaftataccen ruwa ya sha a gefe, mai shan nono kuma a fara ba shi nonon. Yanzu a ɗauka uwa ta koma gida da rabon mako guda, ga wasu yara uku suna kallonta da yunwa. Za ta raba musu, kuma ban ga laifinta ba. Sai mako ya zagayo, a ɗora yaro a sikeli, nauyi bai motsa ba, ma'aikaci ya hau ta da faɗa a gaban mutane. Mako mai zuwa ba za ta dawo ba. Ƙungiyar da ta san aikinta tana haɗa wa gidan tallafin abinci ko na kuɗi, ta kuma hana ma'aikatanta tozarta iyaye.

Sauran dalilan daina zuwa sanannu ne: nisa, doguwar jira, yaro ya ɗan murmure uwa ta ɗauka an gama. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne yankewar kaya, domin laifin ofis ne zalla. Katan ɗaya na RUTF ƙunshi 150 ne, kusan jinyar yaro guda daga farko har sallama. Duk wanda ya san yaran da ke hannunsa ya san katan nawa zai nema, ya kuma san watannin da yunwa da zazzaɓin cizon sauro ke ƙaruwa. Uwar da ta yi doguwar tafiya aka ce mata babu kaya, da wuya ta sake tahowa, maƙwabtanta ma za su ji labari.

Ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ya fayyace abin: waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin 100, mutuwa ƙasa da kashi 10, masu daina zuwa ƙasa da kashi 15. Na ƙarshen nan shi ya kamata a zuba wa ido. Yaron da bai zo awo sau biyu ko uku a jere ba, ana rubuta cewa ya daina zuwa. Idan babu wanda ya bi sawunsa har gida, wa ya san ko rasuwa ya yi? Ta haka rahoto ke fitowa da mutuwa kaɗan ƙwarai, alhali an ɓoye ta a wani layin, wani lokacin ma ba da gangan ba.

Don haka mai niyyar ba da gudummawa ya nemi ganin kasafin kuɗin, ya duba ko an ware alawus da kuɗin sufuri na masu bin gida-gida, ya tambayi sau nawa kaya suka yanke a bara. Ya tambayi kuma yadda ake sallama. Ƙa'idar ita ce damtse ya kai santimita 12.5, kumburi kuma ya ɓace na aƙalla mako biyu. Idan ana sallamar yara kafin haka don a samar wa sababbi gurbi, da yawansu za su dawo da jan awo bayan 'yan watanni, a sake rubuta su a matsayin sababbin rajista.