Sandika ba ta raba awanni

Makon jiya aka liƙa jerin aikin wata mai kamawa a bangon ɗakin da muke cin abinci, a babban kantin da nake aiki a Beljik. Na duba sunana, na ga an mai da ni awa 20 cif a mako. Na daɗe ina yin 30, wani lokaci har da ɗoriya, amma goman nan ta sama ba ta cikin kwantiragina. Wata 'yar takarda ce shugaban kanti yake kawowa in sa hannu duk ƙarshen wata. Wannan karon bai kawo ba, awannin kuma an raba wa yara ɗalibai biyu. Na je na sami delegen sandika, wato wakilin ƙungiyar ƙwadago, a bayan kanti, wurin da injin yake matse kwali, yana tsaye cikin sanyi da kofin kafe. Ya saurare ni har da girgiza kai, sannan ya ce babu dokar da aka taka, in zo taro ranar Alhamis. Ni kuwa duk wata sai an cire kuɗin sandikar nan daga asusuna.

Ku da ke Tawa, kada ku ɗauka sandikar Beljik abin wasa ce. Kusan rabin ma'aikatan ƙasar suna da kati. Manya uku ne, kowace da launinta: FGTB ja, CSC kore, CGSLB shuɗi, ranar zanga-zanga sai ka ga titunan Biruksel sun rine. Wanda ya rasa aiki, galibi ta ofishin sandika yake karɓar kuɗin zaman banza. In aka shiga yajin aiki ita ke biyanka wani abu na ranar. In kaya suka yi tsada albashi yana hawa da kansa, kuma su suka tsare wannan. Na yarda da duka.

Sai dai inuwar giginya ce, mu da ke gindinta rana muke sha. Mai cikakken aiki, abin da ke gabansa ƙarin kuɗin Lahadi ne, da lissafin shekarun aiki, da fansho, kuma duk waɗannan ana iya zama a teburi a rubuta su. Mai rabin aiki buƙatarsa ɗaya ce, awanni, su kuma suna aljihun shugaban kanti. In ka fita yajin aiki ba mai korarka, doka ta hana. Takardar nan ce kawai ba za ta sake zuwa ba, kuma ba kotun da za ka kai ƙarar takardar da ba a kawo ba. Ga ɗalibai, waɗanda aka ba awa 600 a shekara a 2023, aka kai 650 a 2025, kuɗin da kamfani ke zuba wa gwamnati a kansu kaɗan ne. Don me zai ba ni?

Masu cikakken aikin ma sun ga iyakar abin. A watan Maris 2023 Delhaize, kamfanin manyan kantuna, ya ce zai miƙa kantunansa 128, da ma'aikata wajen 9,000, ga 'yan kasuwa masu zaman kansu. Aka yi makonni ana rufe ƙofofi. Kamfanin ya je kotu, aka turo masu aiwatar da hukunci suka buɗe, daga ƙarshe duka kantunan suka tafi. Kanti kuwa in ya zama na mutum ɗaya mai ma'aikata 'yan kaɗan, delegen ma da wuya a same shi.

Na san abin da za ku ce: yaron shago a kasuwar Tawa ko Babbar Kasuwar Yamai ba shi da ko takarda, CNSS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, ba ta san da shi ba, mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanka a rediyo yake jinsa. USTN, uwar sandikokin Nijar, ta girgiza ƙasa a 1990 da 1991 har aka kai ga taron ƙasa, amma ita da takwararta CDTN galibi na malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati, ba kasafai suke leƙa rumfar mai atamfa ba. Akwai kuma azzaluman iyayengida da ke riƙe yaro shekara da shekaru, ana gab da sallama su laƙa masa sata. Ban musa ba.

Amma ubangidan nan ya san mahaifinka. In ya cuce ka akwai dattijon da za a tura masa, akwai liman, akwai kunyar haɗuwa a wurin jana'iza. Ranar suna shi ke kawo rago. In Allah ya haɗa ka da na kirki, shi zai yi maka aure, ya ware maka jari, ya ce je ka buɗe naka. A nan wa zai ji kunyar wa? Shugaban kantinmu ma cewa ya yi ba shi ba ne, daga sama aka rage masa awannin, kuma na yarda da shi, don shi kansa kwamfuta yake kallo kafin ya amsa maka.

Tsararrakina da na bari suna ɗaga buhu a shagon wani Alhaji, yau wasunsu da nasu shagon, da yaran da ke gaishe su da safe. Ni ina jera gwangwani tun ƙarfe shida cikin duhu, a waya kuma ana ce mini "ku dai kun huta, kuna Turai". Mu 'yan Adar fita a jininmu take, iyayenmu Abijan suka yi, amma su sukan dawo kafin damina su yi shuka. Ƙanena da ke damuna in nema masa hanya, ya fara lissafa awa 20 ya cire haya da wuta da kuɗin jirgin ƙasa. Baba kuma a gaya masa simintin ɗakin ya jira wata mai zuwa.