Samarin sutudiyo, ku koyi tsayuwa a baya

Jiya da daddare na leƙa wani sutudiyo a unguwarmu, abin da na gani har yanzu yana ci min rai. Wani yaro ne da bai kai wata huɗu da fara taɓa jitar bes ba, malaminsa dattijo ya ce masa ya maimaita layi ɗaya har sai ya zauna a yatsunsa, yaron nan ya jingina jitar da bango ya ce shi fa ba a baya ya zo tsayawa ba, waƙarsa zai saki a TikTok. Dattijon bai ce uffan ba, ya ɗauki jitar ya goge tsirkiyoyin da gefen rigarsa. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Ƙannena, kun san Ron Carter? Ba'amurke ne baƙar fata, an haife shi a 1937 a jihar Michigan. Yana ɗan shekara 10 ya fara koyon cello, wata irin babbar goge ta Turawa, daga baya ya koma babbar bes, wannan ƙatuwar mai tsirkiya huɗu da ake kaɗawa a tsaye. Ya gama makarantar kiɗa ta Eastman a 1959, bai ce ya isa ba ya sake komawa aji a makarantar kiɗa ta Manhattan ya yi digiri na biyu a 1961, duk da a lokacin wariyar launin fata ta toshe wa irinsa ƙofar manyan ƙungiyoyin kiɗan Turawa. Daga 1963 zuwa 1968 yana tsaye a bayan Miles Davis, shahararren mai busa ƙaho a kiɗan jazz, shekara biyar cur, Miles na gaba da ƙahonsa ana ta tafi shi kuma yana can baya yana riƙe da kiɗan kada ya watse. A 2015 masu kundin bajinta na duniya na Guinness suka ƙirga masa rikodin 2,221, babu mai bes ɗin jazz da ya kai shi. Kuma duk da wannan suna ya shafe kusan shekara 20 yana koyarwa a City College da ke New York, daga baya kuma makarantar kiɗa ta Juilliard, yana zama da yara yana gyara musu yatsa.

To kai da wata huɗu me ka iya da har tsayuwa a baya ta zama raini? Sai an yi rarrafe ake tafiya. Kowa so yake ya riƙe makirfo, kowa so yake fuskarsa a fasta, babu mai son ya zama ginshiƙi, alhali in bes ya kuskure duk waƙar ce ke rushewa. Banza fa ba ta kai zomo kasuwa. Kwamfuta ta gyara maka murya, ta buga maka ganga, in an ɗauke wuta sai ka tsaya kana zare ido. Ga kuma wannan masifa ta sirof da ƙwaya da wasunku ke cewa ita ke kawo basira, ƙarya ne, kanku kawai take ci, kuma ita ma daga gaggawar nan ta samo asali.

Ni ban ce kada ku yi suna ba, ina son ku yi, shi ya sa nake faɗa. Ku dai rage gaggawa, ku zauna gaban na gaba da ku.

Da can a nan ƙasar tamu yaro sai ya yi shekaru yana ɗaukar wa maigidansa kalangu, yana cikin 'yan amshi, bai isa ya buɗe baki shi kaɗai ba sai an ba shi izini, kuma in ya buɗe kowa ya san ya ƙoshi. Yanzu dattijon da ya san sirrin tsirkiya yana zaune shi kaɗai a kan benci babu mai tambayarsa komai. Na jiyan nan sai da ya jira har kusan ƙarfe goma sha ɗaya ko yaron zai dawo, sannan ya mayar da jitar cikin jakarta ya ja zif.