Sabon Superman da masu yanke hukunci kafin kallo

Watanni kafin sabon fim ɗin Superman ya fito a Yulin 2025, da yawa daga matasan Zariya masu bin fina-finan Amurka sun riga sun gama shari'arsa. Abin da suka gani bai wuce tallan fim na 'yan mintuna ba, sai hoton sabon jarumin, David Corenswet, sanye da shuɗin kaya da jar alkyabba. Wasu suka ce ba shi da kwarjini, wasu suka ce kayan sun yi masa yawa. Akwai waɗanda jan ɗan kamfan da aka dawo masa da shi a saman wando ne ya tsone musu ido, alhali da shi aka san Superman tun 1938, a fim kuwa sai 2013 aka cire shi. Idan ka bi duk waɗannan ƙorafe-ƙorafen a hankali, wuri ɗaya suke komawa: wannan ba Henry Cavill ba ne, wato ɗan wasan da ya fito a Superman tun daga 2013.

Ina daga cikin masu son waɗannan fina-finan, kuma abin da nake gani shi ne mai kallo yana da cikakken haƙƙin ya ce fim bai yi ba, da sharaɗin ya kalla tukuna. Idan an sake ɗauko labarin jarumi daga tushe aka yi masa sabon zubi, abin dubawa shi ne ko an riƙe halinsa da abin da ya sa aka so shi tun farko. Fuska kam dole ta sauya, domin ɗan wasa yana tsufa, jarumin labari ba ya tsufa.

Sai dai kafin in ɗora wa masoya laifi, dole in ba su gaskiyarsu. Abin da aka yi wa Cavill bai kyautu ba. A Oktoban 2022 ya leƙo a ƙarshen fim ɗin Black Adam, ya fito ya shaida wa duniya cewa ya dawo matsayin Superman. Ba a cika wata biyu ba, bayan an miƙa wa James Gunn da Peter Safran ragamar DC Studios, kamfanin da ke shirya fina-finan Superman, sai ga sanarwa cewa za a fara sabon lale da wani ɗan wasa mai ƙarancin shekaru. Duk wanda aka yi wa alkawari aka janye a bainar jama'a zai ji ciwo, masoyansa ma haka. Kuma gaskiya ne cewa sau da yawa kuɗi ne ke sa kamfani ya sabunta labari. Fim na uku na Spider-Man da Tobey Maguire ya fito a 2007, shekara biyar kacal aka sake farawa da Andrew Garfield a 2012, kafin a ce kwabo an sake sauyawa zuwa Tom Holland a 2016. Wanda ya ce an mayar da shi saniyar tatsa bai yi ƙarya ba. Amma fushin da ya dace da masu kamfani, me zai sa a sauke shi a kan sabon yaron da aka ɗauka aiki, da kuma fim ɗin da ba a gani ba?

Tarihin waɗannan fina-finan cike yake da hukuncin da aka yanke da garaje, daga baya aka janye shi a shiru. Lokacin da aka zaɓi Michael Keaton ya fito a Batman na 1989, dubban wasiƙun ƙorafi ne suka isa kamfanin Warner Bros., wai ɗan wasan barkwanci ne, ba zai iya ba. A lokacin babu Facebook babu TikTok, sai mutum ya sayi kan sarki ya je gidan waya, amma aka yi. Yau akwai masu rantsuwa cewa ba a taɓa yin Batman kamarsa ba. Da aka ce Heath Ledger ne zai zama Joker a The Dark Knight na 2008, haka aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai ga shi an ba shi lambar yabo ta Oscar a kan wannan rawar a 2009, bayan rasuwarsa. An yi wa Robert Pattinson irin wannan tarba kafin ya fito a Batman a 2022.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin Cavill ɗin kansa. Da Man of Steel na Zack Snyder ya fito a 2013, waɗanda suka taso da Christopher Reeve na 1978 ba su yi masa da sauƙi ba. Suka ce wannan Superman ba ya fara'a, faɗansa ya rusa rabin birni, kuma ya karya wuyan abokin gabarsa Zod da hannunsa, abin da a ganinsu Superman ba zai taɓa yi ba. Yaron da yake ɗan shekara 12 a lokacin, wanda ya kalli fim ɗin a faifai ko a wayar yayansa, shi ne matashin da yau yake cewa Cavill ne Superman na asali. Bai san an taɓa ƙin nasa kamar yadda yake ƙin na ƙannensa ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma a nan abin da ake tunawa sau da yawa ƙuruciyar mutum ce ta haɗe da fim ɗin har ya kasa raba su.

Kwanakin baya na tsaya a wani shagon tura fina-finai a Samaru, irin wanda za ka miƙa waya ko memori a loda maka na Indiya da na fassara da na Turawa. Wasu ɗalibai biyu suna gardama a kan benci, mai shagon yana ta jan fayiloli a kwamfuta bai ɗago kai ba. Ɗaya ya dage cewa an lalata Superman, tunda a farkon fim ɗin ma an nuna shi kwance cikin dusar ƙanƙara jina-jina, sai kare ne ya ja shi gida. Abokin nasa ya ce, "Mutumina, ka kalla kuwa?" Ya ce bai kalla ba, kuma ba zai ɓata datarsa ba, ya ga sharhin wani Bature a YouTube ya ishe shi. Mai shagon ya juyo ya ce masa, "Kawo wayarka in saka maka kyauta, gobe ka dawo mu yi magana." Gani ya kori ji, wannan shi ne abin da mai shagon ya fahimta, kuma ya fi yawancin masu sharhin intanet adalci.

Mu da muka taso da tatsuniya bai kamata sabon zubi ya zama baƙon abu a wurinmu ba. Gizon da kakarka ta ba ka labarinsa a Tudun Wada ba daidai yake da wanda aka ba wani a Giwa ko Soba ba. Wata ta ƙara waƙa, wata ta sauya dabbar da ya yaudara, wata ta bar shi ya tsira, wata ta sa ya sha kashi. Babu yaron da ya taɓa tashi daga tabarma ya ce wannan ba Gizo ba ne, muddin wayon nan da kwaɗayin nan suna nan. Ranar da aka kawo Gizo mai gaskiya da riƙon amana, ranar ce aka ɓata labarin. Superman ma haka yake. Samari biyu ne, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan baƙin haure Yahudawa, suka ƙirƙire shi, suka sayar da shi a kan dala 130 a 1938. Tun daga lokacin marubuta da masu zane barkatai sun yi ta juya shi a mujallu da rediyo da talabijin da silima. Abin da ya tsaya bai motsa ba shi ne maraya ne da ya zo daga wata duniya, manoma suka rene shi, yana da ƙarfin da zai iya danne kowa amma ya zaɓi ya taimaki mai rauni.

Wani zai ce, to ai mu ma Zazzagawa mun yi ca a kan fim ɗin Amina da Netflix ta saki a 2021. Haka ne, kuma ina ganin mun yi daidai. Sarauniya Amina tarihinmu ce, akwai masarauta da jama'a da ke jingina kansu gare ta, akwai sutura da harshe da al'adar da za a iya cewa an yi daidai ko an kauce. Wanda ya ɗauki tarihin mutane yana da bashin gaskiya a wuyansa. Superman kuwa ba a taɓa haihuwarsa ba, babu zuriyar da za a ci wa fuska idan an sauya masa wando. Kuma yawancin waɗanda na ji suna sukar Amina sun zauna sun kalla, shi ya sa sukarsu ta yi nauyi.

Da wannan ma'aunin na kalli sabon Superman, wanda Gunn ya rubuta ya kuma ba da umarni, kuma a ganina ya riƙe halin. Akwai wurin da wani ƙaton dodo yake ɓarna a tsakiyar birni, sauran jarumai suna neman su kashe shi kawai, Superman yana ta ƙoƙarin kada a taka kowa, har ya tsaya ya ɗauke wani ɗan kurege daga hanya. Wasu sun ga wannan a matsayin shirme. Ni a nan na gane wanda ya rubuta labarin ya san jaruminsa. Dukan da ya sha a farkon fim, wanda ɗalibin nan yake kuka da shi, shi ne ya sa mai kallo yake jin tsoron abin da zai same shi, domin jarumin da ba a taɓa kayarwa kallonsa yana gundura. Haka nan hirar da 'yar jarida Lois Lane, wadda Rachel Brosnahan ta fito a matsayinta, ta titsiye shi a kan wa ya ba shi izinin shiga tsakanin ƙasashe biyu masu yaƙi, tambaya ce ta manya, kuma fim ɗin bai kauce mata ba.

Yana da nasa aibin. An cusa jarumai da yawa har wani lokaci shi Superman ɗin yakan zama baƙo a gidansa, ko da yake Edi Gathegi, haifaffen Nairobi, ya yi ƙoƙari sosai a matsayin Mister Terrific. Barkwancin ma a wasu wurare yana shigowa inda ya kamata a bar zuciya ta yi nauyi. Babban abin da ya cancanci muhawara shi ne sauyin da aka yi wa iyayensa na Krypton, duniyar da ya fito, inda aka nuna sun turo shi ne domin ya mallaki duniya. Wannan ya taɓa tushen labarin, kuma wanda ya ce bai yarda da shi ba ina sauraronsa da kunnuwa biyu, duk da ni ina ganin ya ƙara wa manoman da suka rene shi daraja, tunda tarbiyyarsu ce ta rinjayi jini. Irin wannan gardamar ce nake so in riƙa ji a majalisun Kongo da Samaru, domin sai wanda ya kalla ne zai iya shiga cikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne fushin aro. Da Gunn ya faɗa a wata hira cewa Superman labarin baƙon haure ne da kuma kirki, wasu kafafen masu ra'ayin riƙau a Amurka suka yi masa rubdugu, domin batun baƙi shi ne garwashin siyasarsu. Wannan rigimarsu ce, tana da tushe a can. Amma sai ka ga yaronmu na Sabon Gari, unguwar da baƙi suka gina, yana maimaita kalamansu kalma da kalma ba tare da ya san inda aka dosa ba. Masu sharhin YouTube da yawa sun gano cewa fushi ya fi yabo kawo masu kallo, masu kallo kuma su ne kuɗin talla. Mu ne muke ƙona datarmu muna yi musu kasuwa, sannan mu kwaso ra'ayinsu mu riƙa faɗa da shi kamar namu.

Ba na musun cewa muryar masoya tana da tasiri, wani lokaci ma mai kyau. Su ne suka yi shekaru suna matsa lamba har aka saki Justice League na Snyder mai tsawon awa huɗu a 2021, bayan wanda aka fitar a 2017 ya ba mutane kunya, kuma na biyun ya fi na farkon. Amma darasin da kamfanoni suka ɗauka daga irin wannan hayaniyar shi ne tsoron sabon abu. Spider-Man: No Way Home na 2021 ya tattaro Maguire da Garfield da Holland a fim ɗaya, ya samo kusan dala biliyan 1.9. A 2023 aka dawo da Keaton cikin kayan Batman yana da shekara sama da 70. A 2024 Marvel ta sanar cewa Robert Downey Jr., wanda aka riga aka binne jaruminsa Iron Man a 2019, zai dawo a matsayin Doctor Doom. Duk mai kuɗin da ya ga yadda ake yi wa sabuwar fuska ruwan duwatsu tun kafin ta buɗe baki, zai gwammace ya biya tsohuwar ko nawa ne. Masoyan da ke kukan cewa Hollywood ta daina kawo sabon abu, sai maimaici, suna da hannu a wannan maimaicin. Superman na 2025 ya samo sama da dala miliyan 600 a duniya, wanda ya ishe shi ya ci gaba, kuma da kamfanin ya bi ihun da aka yi a Disamban 2022 lokacin da aka sallami Cavill, da ba a yi shi ba sam.