Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Matasanmu Masu Zaman Benci

Assalamu alaikum, ƙannena da 'ya'yana da ke makarantun sakandare a nan Amurka, musamman waɗanda suka shiga wasan ƙwallon Amurkawa da ake yi da hular kwano da sulke a kafaɗa. Abin da na gani a daren Juma'ar da ta wuce ne ya hana ni yin shiru.

Na je kallon wasan wata makaranta saboda ɗan wani aminina yana cikin ƙungiyar, kuma shi ne na biyu a matsayin da ake kira kwatabak. Don amfanin 'yan'uwa na gida da suka fi sanin tamaula, kwatabak shi ne madugun 'yan wasa goma sha ɗaya masu kai hari: shi ke karɓar umarnin koci ya isar wa sauran, ya karɓi ƙwallo, ya karanci tsayuwar abokan karawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu. Ana dab da hutun rabin lokaci aka danne na farkon, aka fitar da shi yana riƙe da gwiwa. Koci ya waiwaya yana kiran ɗanmu, sai ga shi yana laluben hularsa a ƙarƙashin benci. Da ya shiga, sau biyu yana kiran dabarar da abokansa ba su gane ba, har alƙalin wasa ya ci su tarar ɓata lokaci. Bayan an tashi na tambaye shi, sai ya ce mini, “Baba, ai tun farkon kaka ba a sa ni ba, shi ya sa na daina karanta littafin dabarun wasan.” Wallahi wannan amsa ta fi cin da aka yi musu yi mini ciwo.

Ƙannena, ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan wasa na karo da kokawa, na biyu ba a ajiye shi don ado ba, an ajiye shi ne domin kowa ya san wata rana na farko zai faɗi. Ku dubi yadda manyan ƙungiyoyin NFL, wato babbar gasar ƙwararrun wannan wasa, ke yi idan abin ya same su. Koci yakan rage dabaru ya bar waɗanda sabon ya fi iyawa, a yawaita miƙa wa mai gudu, a jefa gajerun ƙwallaye, masu tsaron baya su ɗaura ɗamarar hana a ci su da yawa. Duk wannan rangwame ne, amma ba ya amfani ga wanda bai san komai ba, domin daƙiƙa 40 kawai ake bayarwa tsakanin bugu da bugu, kuma babu mai tsayawa ya koya maka karatu a cikinsu. Abin da ya fi wuya kuma, a atisayen mako, kwatabak na farko ne ke cinye kusan dukkan damar, na biyu sau da yawa aikinsa kwaikwayon kwatabak ɗin abokan hamayya ne don masu tsaron baya su gwada kansu. Wato dole ya koyi nasa karatun da kansa, da dare, yana kallon bidiyon wasanni, ba mai yaba masa.

A Disambar 2017 jijiyar gwiwar Carson Wentz, kwatabak ɗin Philadelphia Eagles, ta tsinke, a lokacin da ake ganin shi ne zai zama gwarzon shekara, mutane da yawa suka yi wa ƙungiyar jana'iza. Nick Foles ya tashi daga benci, mutumin da ya taɓa tunanin barin wasan gaba ɗaya, ya kai su har Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a ranar 4 ga Fabrairun 2018, suka doke New England Patriots da ci 41 da 33, aka ba shi kyautar gwarzon wasan. Kocinsu Doug Pederson shi ma ya shafe shekaru yana zaman na biyu a bayan Brett Favre, don haka ya san darajar mai jira. Shi kansa Tom Brady, kwatabak ɗin Patriots da aka doke a wannan dare, ta ƙofar benci ya shigo. Shi ne na 199 da aka zaɓa cikin sabbin 'yan wasan NFL a shekarar 2000, kuma sai da Drew Bledsoe ya ji mummunan rauni a Satumbar 2001 aka waiwaye shi, ya ƙare da kofin Super Bowl bakwai. Kurt Warner kuwa har jera kaya ya yi a wani kanti a jihar Iowa kafin raunin Trent Green ya buɗe masa hanya a 1999, ya ci kofi da St. Louis Rams a wannan kakar. Ko kuna tsammanin ranar da aka kira su suka fara neman hula? Ranar wanka ba a ɓoye cibi, abin da mutum ya tara a ɓoye shi ke fitowa.

Ku dubi ɗaya ɓangaren kuma. A Satumbar 2023 jijiyar agarar Aaron Rodgers ta tsinke a bugu na huɗu na wasansa na farko da New York Jets, ƙungiyar da ta ɗora dukkan burinta a kansa, suka ƙare kakar da nasara 7 da rashin nasara 10. A Janairun 2023 San Francisco 49ers sun rasa kwatabak biyu a wasa ɗaya, aka ci su 31 da 7, har hukumar wasan ta dawo da dokar ajiye na uku don ko-ta-kwana. Idan masu biyan miliyoyin daloli suna tanadin na uku, kai ɗan shekara goma sha shida wane ne da za ka raina zama na biyu?

Abin da ke ba ni haushi shi ne girman kan da ke ƙarƙashin wannan lalaci. Yaro yana ganin in ba shi ne a gaba ba, to atisaye ƙasƙanci ne. Yana da lokacin ɗaukar hoto da rigar ƙungiya ya ɗora a Instagram, yana da lokacin raba dare a TikTok, amma shafi goma na dabaru sun gagare shi. Har na ji wasu samari a bayana suna murna da raunin yaron nan saboda abokinsu zai shiga, wasu kuma suna ƙorafin kuɗin cacar da suka zuba a waya, kamar ba ɗan mutum ne ke kwance a fili ba. Mu iyaye ma ba mu tsira ba, domin wasunmu ba sa zuwa kallo sai an ce ɗansu zai fara wasa, a gida kuma su riƙa zagin koci a gaban yaro, suna koya masa cewa duk wanda bai sa shi ba maƙiyinsa ne. Tun ran gini tun ran zane.

Ku gyara, ƙannena, ku riƙe abin da aka ba ku da muhimmanci ko da ba mai kallonku. Mu da muka taso a gida mun ga yaron maƙeri yana shekaru a kan zuga-zugi kafin a miƙa masa guduma, idonsa na kan hannun maigidansa, bai taɓa cewa an ɓata masa lokaci ba. Mun ga na'ibin liman yana tsayawa a sahun farko shekara da shekaru, haddarsa a shirye, ranar da liman ya kwanta ciwo ya wuce gaba ba tare da jama'a sun ji bambanci ba. A wancan zamani kunya ce babba a kira ka a same ka ba shiri, har mahaifinka sai ya kasa haɗa ido da mutane a majalisa. Yanzu kuwa aminina ne ya fita daga filin nan kansa a sunkuye, ɗan nasa yana biye da shi yana latsa waya.