Shaddar cikin akwati da motar ƙofar gida

Watan jiya ƙanena ya kira ni daga Zariya, tun daga sallamarsa na san akwai magana. Ya shekara huɗu yana tara kuɗi a hankali, ya kai ga abin da zai iya sayen Corolla 'yar Beljiyam, sai Baffanmu ya ji labari ya aika a kira shi. Abin da Baffa ya ce masa shi ne mota baki gare ta, kullum sai ta ci, gara ya gyara jikinsa da na iyalinsa ya shiga cikin mutane da mutunci, tunda ga biki biyu a gabanmu ga kuma Babbar Sallah. Ƙanena ya ce da ni, "Yaya, kai da kake ƙasar da ake ƙera motocin, me ka gani?" Na ce masa ya sayi motar, kuma ban yi jinkiri ba.

Shekarata bakwai a wani gari na kudancin Jamus, kusa da iyakar Ostiriya. Da a ce wani ɗan'uwa da ke zaune a nan ne ya yi mini wannan tambaya, da wata amsa daban zan ba shi. A nan bas da jirgin ƙasa suna da lokacinsu a rubuce, kuma tun watan Mayun 2023 aka fito da tikitin wata guda, da aka fara sayarwa a kan Yuro 49, wanda mutum zai hau bas da jiragen kusa a duk faɗin ƙasar. In ciwo ya kama wani da tsakar dare, 112 za ka danna, motar asibiti ta zo ƙofar gida. Mota kuwa daga ranar da ta bar wurin dillali darajarta ke sauka, ga inshora, ga binciken lafiyar mota na TÜV duk shekara biyu. Shugaban sashen da nake aiki a keke yake zuwa. Wanda ya zo nan da kuɗi kaɗan, rigar sanyi mai kyau da takalmin da ruwa ba ya shiga sun fi masa amfani a watan Janairu fiye da kowace Marsandi.

Zariya ba haka take ba, kuma ba a labari na ji ba. Daminar da zan bar gida, wajen ƙarfe biyun dare numfashin Inna ya sarƙe. Gidanmu a cikin birni yake, kusa da Ƙofar Kuyambana. Na fita a guje ba takalmi, ana yayyafi, ba Keke Napep ba ɗan acaɓa, ko da ma akwai acaɓa ba a ɗora mai irin wannan hali a kai. Maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, shi na buga wa ƙofa. Yana da wata tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, sai an tura take tashi. Mu uku muka tura ta a cikin taɓo har ta kama. Muka fita ta Ƙofar Doka, muka ratsa Tudun Wada, muka wuce Kwangila da Samaru, ina riƙe da kan Inna a cinyata ina jin kowane rami a ƙirjina, har Allah Ya kai mu asibitin Shika. A ɗakin da muka ɗauko ta akwai akwatuna huɗu jere a kan juna, cike da atamfa 'yar Holan da leshi, wasu ko warware su ba a taɓa yi ba. Da za a lissafa kuɗinsu a lokacin, sun sayi wannan Fijo har da canji. A daren nan babu abin da suka iya yi mata.

Shi ya sa idan na ji ana cewa mai sayen mota ɗan fankama ne, nakan yi shiru in tuna wannan dare. A garinmu motar mutum ɗaya ita ce motar asibitin unguwa, ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta ɗauko buhun masara daga gona a Giwa ko Soba, ita ce ta kai gawa. Aikin da hukuma ke yi wa mutane a nan, a can motar maƙwabci ke yin sa.

Sai batun kuɗin kansa. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, aka bar kasuwa ta yanke darajarta, ta yi ta faɗuwa, na san mutanen da suka sayi mota shekara biyu kafin nan, suka more ta, suka kuma sayar da ita a kan fiye da abin da suka biya. Ba motar ce ta ƙara kyau ba, kuɗin ne ya lalace, ita kuma da Dala ake shigo da ita. Duk ranar da ta ɓaci, kuɗin makaranta ko jinya, ka kira dillali kafin sati ka ga kuɗi. Shadda fa? Da zarar almakashin tela ya shiga ta, magana ta ƙare. Gezna mafi tsada, in ka sa ta sau biyu aka wanke aka buga, ba mai saye sai da kuɗin gwanjo. Inna takan ce ai atamfar da ba a yanka ba ajiya ce, ana ba dillaliya ta kai gidaje. Gaskiya ne, matan gidanmu sun sha fita kunya da haka. Amma dillaliya ta san kina cikin matsi, kuma zanen da aka daina yayinsa sai yadda mai saye ya ce.

Ban raina maganar Baffa ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, kuma motoci da yawa a Zariya sun kwanta a ƙofar gida an lulluɓe su da tamfol. Ga bakanike, ga taya, ga kayan gyara da farashinsu ke tashi kowane wata. Saboda haka ne ma na ce wa ƙanena Corolla, wadda kowane gareji a Sabon Gari ya san cikinta, ba ta kuma shan mai kamar rijiya. Akwai tsadar da inganci ke jawowa, akwai wadda don a gani ce kawai. Mutumin da ke haya a ɗaki biyu ya ci bashi ya sayi ƙatuwar jif da ba ta ma shiga lungunan birni, sai ya ajiye ta bakin titi ya biya mai gadi, wannan babbar riga ya saya mai taya huɗu, ba na kare shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne daga inda nake zaune ina kallon inda kuɗinmu ke ƙarewa ta hanyoyin biyu. Kamfanin Getzner da ke saƙa shaddar da muke rububi yana garin Bludenz ne a Ostiriya, na taɓa bi ta garin, ban ga mutum ɗaya sanye da ita ba. Motocin da masu su suka gaji da su a nan kuwa ana loda su a jirgin ruwa daga Antwerp da Hamburg zuwa Kwatano da Legas. Abu ɗaya a cikin wannan ciniki namu ne tsantsa, shi ne aikin allura. Duk wanda ya tashi a birnin Zariya ya san masu ɗinkin hannu a zaure, riga a kan gwiwa, kai a sunkuye, ana fitar da aska biyu ko aska takwas zare bayan zare, wata da watanni. Ya kuma san matan da ke cikin gida suna wannan aiki suna ciyar da 'ya'yansu da shi. Rigar da Baffa ke sawa ranar Hawan Daushe ta ciyar da gida guda kafin ta hau wuyansa. Ta mahaifinmu ma tana nan, ƙanena ke sa ta ranar Idi, zaren bai saki ba. Irin wannan riga guda ɗaya, ko biyu, a rayuwar mutum, ni ma zan saya, kuma ba zan taya mai ɗinkin da wulaƙanci ba.

Da anko nake faɗa. Biki ɗaya a fitar da kala uku, na kamu daban, na ɗaurin aure daban, na walima daban, a sa sau ɗaya a yi hoto a ninke. Na ga matar ƙanena tana ƙin zuwa bikin ƙawarta don ba ta samu kuɗin ankon ba, ta ce ciwon kai ne. Na kuma sha samun saƙo daga gida ana neman in taimaka da kuɗin leshi, a watan da kuɗin makarantar yara bai cika ba. Kuɗin da gidanmu ya zuba a anko cikin shekara biyar, da an haɗa shi wuri ɗaya, da tuni akwai mota a ƙofar gida.

Na sake kiran Baffa da kaina na gaishe shi, na ce, "Baffa, a yi mana haƙuri a sa albarka, ɗinkin Sallar yara ni zan yi." Ya yi ɗan shiru, ya ce Allah Ya tsare hanya. Na cika wa ƙanena abin da ya rage, da sharaɗi biyu: kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki ko da zai bar ta a ajiye ya hau Keke Napep zuwa aiki, kuma makulli na biyu ya zauna a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakin Inna, inda kowa a gidan ya sani.